Daga Ragaya Zuwa Armuwar: Tarihin Jeren Ɗakin Mace a Ƙasarmu

Kamar yadda muka saba, yau ma za mu ɗan waiwaya baya. Sai dai wannan karon ba fadar sarki za mu ba. Ɗakin mace za mu shiga, da sallama.

Duk wanda ke zaune a birni ya san ɗakuna sai ƙara matsewa suke, kayan da ake zubawa ciki kuma sai ƙara girma. Uwa za ta yi shekaru tana zubin adashe don ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, ranar jere a tarar gadon ya ƙi shiga ƙofa, sai an kira kafinta ya kwance shi. Shekara ta zagayo a samu ƙaruwa, a rasa inda za a aje bahon wankan jariri. Maza na cewa almubazzaranci ne, mata na cewa mutunci ne. Kafin kowa ya yanke hukunci, bari mu ga inda wannan al'ada ta faro, abin da ta yi wa iyayenmu mata, da lokacin da ta fara fin ƙarfin ɗakin.

Zamanin ƙwarya da ragaya

A gidan Bahaushe na da, maigida yana da zaure, in mai hali ne yana da turaka. Kowace mace kuma tana da ɗakinta ita kaɗai. Nan take kwana da ƴaƴanta, nan take karɓar baƙinta, nan take ɓoye ɗan abin da ta mallaka. A ƙauye ɗakin kewayayye ne, na ƙasa ko na kara, da jinkar ciyawa a sama, kuma taku kaɗan za ka yi ka kai ƙarshensa. Ke nan matsin ɗaki ba yau ya fara ba. Kakanninmu sun san shi, kuma sun nemo masa dabara.

Dabarar ita ce, abin da ƙasa ba ta ɗauka, sama ta ɗauka. Ana rataya ragaya daga jikin jinka, a ɗora ƙwaryar nono ko ta fura, inda kaza da ɓera da hannun yaro ba sa kai. Har karin magana aka yi da ita, ana cewa ɗaki ba ya tashi ragaya ta zauna. A jikin bango, daura da ƙofa, ake yin jere: manyan tukwane a ƙasa, a ɗora masaki, a ɗora ƙorai manya da ƙanana, kowace a cikin ƴar'uwarta, a rufe da faifai mai launi. Ƙorai ashirin za su tsaya a wurin da ƙwarya ɗaya za ta ci. Tufafi na cikin adudu. Tabarma, da gari ya waye, an naɗe ta an jingine, tsakar ɗaki ta koma fili.

Ado kuwa daga hannun mutanen gari yake fitowa. Masu sassaƙar ƙwarya su yi mata zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Masassaƙa su kawo akushi da kujera ƴar tsugunne. Masaƙa su kawo gwado da luru. Ƙasa kuma mata ke yi mata daɓe: a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a taru ana bugu da madaɓi ana waƙa har ta yi santsi tana ƙyalli. Bango a shafe shi da farar ƙasa. Har gobe in aka ce tabarmar Madawa, ko tulun Mirya, ko aikin fatar Damagaram, ko bargon tera-tera na ƴan'uwanmu na yamma, an san abin da ake nufi.

Birni da magina

A manyan garuruwa abin ya wuce haka. Damagaram ta yi tashe a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, su bi ta Agadas, su sauka a Zango, wasu su wuce Kano. Cikin kayan da suke kawowa akwai madubi, da duwatsun wuya, da yadi, da takarda. Matan sarauta da na attajirai su ne suka fara ƙawata ɗakunansu da abin da ya ƙetaro Sahara, tare da tasoshin jan ƙarfe da na farin ƙarfe da maƙeran ƙasashen kudu ke ƙerawa.

Magina ma sun taka rawarsu. Da tubali da azarar giginya suke ɗaure baka, rufin soro ya tashi sama ba ginshiƙi a tsakiya. Tun bango yana ɗanye suke fitar da zane a jikinsa, irin su dagi, a waje kuma su tsayar da zanko a kusurwoyi. A cikin ɗaki suna barin ƴan gurabe a jikin bango, na aje fitila da kwalli da turare, suna kuma gina dakali da gadon ƙasa haɗe da ginin. Ka ga ke nan ma'ajiya da wurin zama da wurin kwana duk suna jikin bango, ba abin da ya tare hanya. Wanda ya zaga unguwar Birni ta Damagaram, ko tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, zai ga sauran wannan aiki da idonsa.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka koma Yamai. Amma abin da ya canza ɗakin mace ba bindigarsu ba ce. Gyaɗa ce.

Kuɗin gyaɗa da shigowar kwano

Jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911, daga baya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Duka biyun kusa da iyakarmu suke. Gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magarya ta samu hanyar fita zuwa teku, kayan Turai kuma suka samu hanyar shigowa. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna. Manomi ya sayar da gyaɗa da kaka, kuɗi ya shiga gida, kuma a cikin abin da kanti ke jerawa akwai wani sabon abu mai ɗaukar ido: kwanon ƙarfe mai fenti, mai furanni ja da kore da shuɗi, wanda ba ya fashewa kamar ƙwarya, gara kuma ba ta cin sa.

Da farko daga Turai ake kawo shi, daga baya daga Hong Kong. Wajen shekarun 1960 ƴan kasuwar Hong Kong ɗin suka kafa masana'antunsa a Najeriya, har da Kano, sai ya yi araha ya shiga ko'ina. Nan ne sunaye suka yawaita a bakin mata: langa, kumbo, fanteka, kwalla, faranti, kowanne da girmansa da wurinsa a jere. A lura fa, mata ba su canza tsarin ba. Yadda ake jera ƙorai, babba a ƙasa ƙarami a sama, haka aka jera kwanoni. A wasu gidajen ma har manna faranti ake yi a jikin bango da rufin soro tun ginin yana ɗanye, ɗaki ya koma kamar sararin sama da taurari.

Maraɗi tana da nata labarin a nan. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tashi mutane aka mai da su tudu. Sabon garin an yanka shi layi-layi, filaye masu kusurwa huɗu. Sannu a hankali ɗaki mai kusurwa ya kori kewayayye, rufin tol ya kori jinka. Bango miƙaƙƙe kuwa yana karɓar teburi, yana karɓar gadon ƙarfe mai rumfa, abin da kewayayyen ɗaki ba ya yi. Da alhazan Maraɗi suka yi ƙarfi a fataucin gyaɗa da na yadi, ɗakunan matansu da na ƴaƴansu suka zama abin kwatance, kowa na son nasa ya kamo.

Bankin da ke jikin bango

To, me ya sa mace za ta tara kwano ɗari alhali a biyu take cin tuwo? Amsar tana cikin wannan tambaya: na wa ne? Gida na miji ne. Gona galibi tasa ce, ko ta gandu. Amma kayan ɗaki na matar ne, ba mai ja. Uwarta da gwaggonninta da ƙawayen bikin uwar ne suka tara mata. In aure ya mutu, da kayanta take fita. In ta rasu, gado ne ga magadanta. A zamanin da ba mace ko ɗaya a ƙauye da ke da asusu a banki, jere shi ne asusunta, kuma kowa na ganin sa.

Shi ya sa ranar jere mata ke cika ɗaki suna ƙirge da ido. Abin da suke karantawa a bangon nan shi ne yawan mutanen da ke bayan yarinyar. Kowace kwalla akwai hannun da ya kawo ta, kuma bashin zumunci ce da za a rama ran bikin ɗiyar wancan hannun. Amaryar da aka cika wa ɗaki, dangin miji da kishiya sun san ba daga sama ta faɗo ba.

Ranar wuya kuma asusun yana buɗewa. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da aka rasa hatsi dabbobi suka mutu, gidaje da yawa da kwanonin mata suka sayi tiyar hatsi. In ka zauna da tsofaffi za ka ji irin wannan magana: da kwalla munka ci, da tasa munka kai yaro likita. Haka kuma uwa kan ware wani sashe na jerenta ta aje wa ɗiyarta, kwano ɗaya ya yi aure biyu ko uku. Wannan basira ta tara kaɗan-kaɗan ita ce aka gina tsarin Mata Masu Dubara a kanta, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, yau kuma ana koyi da shi a ƙasashe da dama.

Lokacin da kaya suka fi ɗaki

An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, kuma a ƙarshen shekarun 1970 kuɗi ya zagaya hannun ma'aikata da ƴan kwangila. Salon zaman bariki ya shigo gari. Gadon fomika mai madubi da ƴan akwatuna ya ture gadon ƙarfe, katifar soso ta ture ta audugar rimi. Kwanoni suka tashi daga teburi suka shiga bife mai gilashi, tangaran ya zo ya zauna kusa da su. Sai armuwar, sai kujerun salo, sai labule, sai leda ko kafet a ƙasa maimakon daɓe. Tun a lokacin hukuma ta ga abin yana neman wuce gona da iri. A zamanin Janar Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, an yi ƙoƙarin taƙaita kashe-kashen kuɗin aure, malamai ma sun daɗe suna wa'azi a kai. Doka ta kama sadaki, wanda ake faɗa a gaban shaidu. Abin da uwa ke tarawa ƙarƙashin gado kuwa, ba jandarman da ya isa ya ƙirga shi.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Ba a daɗe ba kayan Sin da na Dubai suka cika kasuwa, roba da kuloli da gadaje na katakon da aka matse daga dusar itace, masu kyan gani a ranar farko. A nan ne lissafin ya juye, kuma muna so a saurara da kyau. Kwalla ta shekara ashirin, in an kai ta kasuwa, kuɗi ce. Armuwar ta dusar katako kuwa, in damina ɗaya ta jiƙa ƙafarta ko aka yi ƙaura biyu da ita, ta kumbura ta ɓare, ba mai saye. Da can uwa tana tara wa ɗiyarta dukiya. Yanzu sau da yawa bashi take ci ta sayi abin da darajarsa ke zubewa tun daga ranar jere.

Ɗakin kuma bai ƙaru ba. A 1960 mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Sabon ango a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, in ba gidan gado gare shi ba, haya zai kama: ciki da salo in ya samu, in bai samu ba antire-kushe, ɗaki ɗaya tal a gidan haya mai ƙofofi a jere. A cikin wannan ɗakin ake son a zuba kayan da aka ƙera don manyan gidaje. Armuwar ta toshe taga, iska ta daina shiga, ga rufin tol, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Ina wurin jariri?

Yanzu a waya muna ganin hotunan ɗakin jariri na ƙasashen Turai, da fentinsa da ɗan gadonsa shi kaɗai, har wasu amare na jin kamar an bar su a baya. A tarihinmu jariri bai taɓa samun ɗaki nasa ba, kuma ba talauci ya hana ba. Wurinsa jikin uwarsa ne: da rana a goye da zane da majanyi, da dare a gefenta, har a yaye shi. Haihuwar fari ma a gidan iyayenta mace ke yi, ta yi wankan jego na kwana arba'in a hannun tsofaffi. Ɗakin mai jego shi ake gyarawa, a share, a turara, a shimfiɗa sabuwar tabarma don masu zuwa barka, a kuma sake jere kafin ranar suna.

Cikin abin da aka gada akwai wanda ilimi ya gyara. A da ana hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa mai jego ta kwanta a kai, ga wanka da tafasasshen ruwa, ga kunun kanwa safe da yamma. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wannan zafi da yawan kanwa. Gadon wuta ya ja baya, kuma ba a yi asara ba.

Akwai kuma abin da ya shigo ya zauna daram. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba gidan sauro mai magani, wanda muke ce wa sange, sama da miliyan biyu a faɗin Nijar, ga iyaye mata masu ƙananan yara. In za a rubuta tarihin ɗakin mace na wannan ƙarni, sange ya fi kowace armuwar cancantar shiga, don shi ne kayan ɗakin da ke tsare ran yaro daga zazzaɓin cizon sauro. Amma sau nawa muke shiga ɗakin amarya mu tarar ba a bar ko wurin ɗaura shi ba, wai zai ɓata kwalliyar gado?

Abin da za mu ɗauka daga kakanni

Ba muna cewa a koma ɗakin kara ba. Ginin ƙasa ma yana da nasa rauni in ba a kula da shi ba. Mun ga yadda ruwan 2024 ya rushe gidaje a Maraɗi, ya kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Amma dabarun tsofaffin nan suna aiki a ɗakin siminti kamar yadda suka yi a na ƙasa.

Sun yi amfani da sama, mu ma kanta biyu ko uku a jikin bango, inda hannun yaro ba ya kai, za su ɗauke magani da turare da kayan shafa. Sun zaɓi abin da ke shiga cikin ɗan'uwansa da abin da ake naɗewa, mu ma tabarma mai kyau da matasai na fata za su zaunar da baƙi goma a inda kujerun salo ke zaunar da huɗu, da safe kuma yaro ya samu filin rarrafe. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado ya ishi kayan jariri. Farin bango yana ƙara wa ɗaki haske da faɗi, kamar yadda farar ƙasa ta yi. Taga a bar ta a buɗe, a sa mata raga. Garwashin turaren wuta da wayar lantarki da kulan ruwan zafi, a nisanta su da shimfiɗar yaro. Kafin a je Katako a Yamai ko Kasuwar Dole a Damagaram, a fara auna ɗakin da igiya, a auna ƙofar. Kafintan unguwa zai ƙera gado daidai wurin, da katako na gaske, in ya lalace kuma shi zai gyara.

Babban abin shi ne asusun nan na jikin bango. Iyayenmu mata sun yi jere ne don ɗiyarsu ta samu abin kamawa ranar da duniya ta juya. In yau kayan katako ba sa riƙe daraja, to wani kaso na kuɗin ya tafi inda zai riƙe: tunkiya, keken ɗinki, ɗan zinari, jarin sana'a, ko fili in Allah ya hore. Wannan ba saɓa wa al'ada ba ne, ita ce al'adar tun asali.

Masu zuwa Yamai, ku leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, ku ga samfurin gidajen gargajiya da masu sana'ar hannu da ke aiki a wurin. Waɗanda kuma Allah ya bar musu kaka ko gwaggo a gida, ku je ku zauna da ita, ku tambaye ta abin da aka jera mata ranar da aka kai ta, da abin da ta fara sayarwa ranar da aka shiga wuya. In akwai sauran langa ko tasa a ƙarƙashin gadonta, kar a bari ta tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe.

Allah ya albarkaci aurarrakinmu, ya raya mana zuri'a, ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Sai mun sake haɗuwa.